Sha Tara Bisa Ɗari

Ɗari da goma sha huɗu ne a rijistata,
benci goma sha ɗaya,
biyu daga ciki bulo ne ya tallafe su.
Kafin in gama kiran suna
rabin darasi ya yi gaba.
Na baya a kan taga suke zama,
ƙafa ɗaya a aji, ɗaya a Ɗorayi,
abin da ke isa kunnensu
injin markaɗen maƙwabta ne.

Ni ne malamin kimiyya.
Ɗakin gwaji na can da kwaɗo a ƙofa,
mabuɗin ya bi wani shugaba da ya yi ritaya.
Na taɓa leƙawa ta tsaga:
kwalba uku, yanar gizo,
da buhun siminti da ya zama dutse.
Don haka da alli nake yin batir,
da alli nake ja masa waya,
in zana ƙwai, in zagaye shi da 'yan layuka,
in ce, "Yara, ga shi ya kama."
Su ce, "Ya kama, Malam."
Ba abin da ya kama.

Ran Talata sakamako ya fito,
aka liƙa shi da koko a bangon ofis.
Bakwai suka haye.
Iyaye sun yi cirko-cirko,
mai iya karatu yana karanta wa mara iyawa,
wata uwa ta sa aka duba mata sau uku
ko sunan Hansatu ya ɓuya a ƙasan takarda.

Jami'i ya zo cikin farar mota, ana yayyafi,
ya ce, "Malam, ina matsalar take?"
A ƙarƙashinta yake tsaye,
tana ɗiga a hularsa.
Na ce, "Ranka ya daɗe, za mu ƙara ƙoƙari."
Ya rubuta haka. Ya tafi.

Akwai Tasi'u, na layin taga,
mai gyangyaɗi tun kafin tara.
Sha tara bisa ɗari na ba shi,
da jan biro na ƙara masa: Ka dage.

Sai wayata ta faɗa kwata a Kabuga,
wata bai ƙare ba, albashi bai leƙo ba.
Na hau a-daidaita zuwa Farm Centre,
na bi rumfa rumfa ina jin farashi ina wucewa,
har wata murya ta ce, "Malam, kawo."
Ƙarƙashin lema, kan tebur mai faɗin faranti,
Tasi'u ne, idonsa tar.
Ya buɗe cikinta kamar mai fiɗa,
ya busar, ya goge,
ya ɗora allura biyu yana kallon mita.
"Nan hanya ta yanke," in ji shi,
"in ta yanke, wuta ba ta wucewa.
Ai kai ka faɗa mana."
Ɗan hayaƙin dalma ya tashi,
fuskar waya ta yi haske,
tawa na rasa inda zan kai ta.

Na miƙa kuɗi, ya ɓoye hannu a baya.

Da dare na zaro takardarsa daga ƙulli.
Tambaya ta huɗu: bayyana kewayen lantarki.
Da Turanci aka tambaya, da Turanci ake so.
Ya fara, kalma uku, ya soke,
ya zana wani abu ƙarami a gefe
wanda ban tsaya na duba ba a lokacin,
ina da ɗari da sha uku suna jira.
Zanen daidai ne.
Makin ya riga ya tafi ofis.

Litinin ya shigo da baƙar leda:
batir biyu, guntun waya, ƙwan tocila.
Na ba shi tebur, na koma taga na zauna,
ƙafa ɗaya a aji.
Ya haɗa. Ya kama.
Ba wanda ya ce, "Ya kama, Malam."
Shiru suka yi,
na baya suna hawa kafaɗar na gaba,
har benci mai bulo ya kife.